Kuɗi Lakadan, Tarke Ajalan: Nazarin Kasuwar Ƙagaggun Labaran Hausa ta Intanet a Ma'aunin Fiƙihu da Adabi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken kasuwar ƙagaggun labaran Hausa da ake rubutawa kuma ake sayarwa ta wayar hannu, inda marubuci ke isa ga mai karatu ba tare da edita ko maɗaba'a ko dillali ba. An duba lamarin ta fuska biyu: hukuncin cinikin a fiƙihu, da kuma tasirin hanyar biyan kuɗi a kan zubin labari da jigonsa. An tabbatar da cewa cin abinci da alƙalami halal ne, haƙƙin marubuci kuma dukiya ce da Shari'a ke karewa. Sai dai sayar da labari tun bai kammala ba ya shigar da garari cikin cinikin, ya kuma miƙa linzamin alƙalami ga mai biya. An kawo Unguwar Romi ta Kaduna a matsayin misalin makarancin da marubuci ba ya lissafi da shi. Abin da kasuwar ta fi rasawa shi ne matarki, kuma nauyin cike wannan gurbi yana kan ma'abota ilimi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Shekaru 30 da suka wuce, wanda ya rubuta labari da Hausa yana buƙatar mutum huɗu kafin rubutunsa ya kai hannun mai karatu: mai buga keken rubutu, da mai maɗaba'a, da dillalin littattafai, da mai kasa su a tebur ko bayar da su haya. A yau duk huɗun sun koma cikin waya guda. Matar aure tana ɗakinta a Rigasa ko Funtuwa ko Maraɗi za ta rubuta shafi bayan sallar isha'i, kafin ta kwanta ɗaruruwan mutane sun karanta, waɗansu sun turo kuɗi, waɗansu sun turo ƙorafi.

Masu magana a kan wannan al'amari sun kasu biyu. Akwai masu wa'azi da ba su ga komai a ciki ba sai batsa, akwai kuma masu murnar cewa mata sun sami sana'a a cikin ɗaki. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma duka biyun sun tsallake tambayar da ta fi dacewa da manazarci, wato yaya hanyar da ake biyan marubuci ke sauya abin da yake rubutawa? Ita ce tambayar da wannan maƙala ta fuskanta. Inda aka zo ambaton aibi an sakaya sunan littafi da na mai shi, koyi da sunnar Manzon Allah (SAW), wanda yakan ambaci aikin da ya ƙi a kan mumbari ya rufa wa mai aikin asiri.

2.0 Daga Maɗaba'a Zuwa Wayar Hannu

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne a hannun hukuma. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga nan Kamfanin Gaskiya da NORLA da kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, suka gaji aikin. A wancan zamani littafi ba ya fita sai edita ya tankaɗe shi ya rairaye. Ƙofar ƙunci gare ta, masu shiga kaɗan ne, mata kuwa sai a 1980 aka ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suna cikin waɗanda suka yi fice. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan yayi sunan Adabin Kasuwar Kano, aka kuma yi doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a kan darajarsa. A wannan zamani ne aka saba raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, cinikin na farko ya buga na biyu. Ashe ke nan tsayar da labari a inda ran mai karatu ya rataya ya girmi intanet.

Hukuma ta yi ƙoƙarin dawo da ƙofar da aka karya. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya aka nemi marubuta su yi rajista. Ba a jima ba wayar zamani ta yaɗu, takarda ta yi tsada, kasuwar ta kwashe kayanta ta koma inda ashana ba ta kaiwa: Facebook da Wattpad da WhatsApp da Telegram, da manhajojin sayar da littattafai irin su OkadaBooks da ArewaBooks, da tashoshin YouTube masu karanta labari da murya. OkadaBooks, wadda aka buɗe a 2013, ta rufe a ƙarshen 2023, marubutan da suka dogara da ita suka gane cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Tsarin cinikin da ya fi yaɗuwa mai sauƙi ne. Marubuciya, domin mata ne suka fi rinjaye a fagen, takan saki shafukan farko kyauta su zaga zaurukan WhatsApp. Idan labarin ya kama zukata sai ta sanar da cewa kyauta ta ƙare. Mai son ci gaba zai tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ya aika shaidar biya, sannan a saka shi a zauren waɗanda suka biya, inda ake sakin labarin kullum ko bayan kwana biyu. Wani lokaci marubuta da dama kan haɗa littattafansu a sayar a dunƙule, a tsakanin shafuka kuma a saka tallar atamfa ko turaren wuta ko kayan mata. Idan aka ƙaddara mutum 400 sun biya naira 500, an tashi da naira 200,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin cikar kasuwar.

3.0 Halaccin Cin Abinci da Alƙalami

Wajibi ne a fara da kawar da wata shubuha da ke yawo a bakin ɗalibai, cewa karɓar kuɗi a kan rubutu zubar da darajar ilimi ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya halatta karɓar lada a kan Littafin Allah, a kan haka ne Imam Malik ya ga halaccin biyan mai koyar da Alƙur'ani. Idan hakan ya halatta a mafi tsarkin magana, to a maganar mutane ya fi cancanta. Tarihin Musulunci kuma cike yake da warraƙai, masu kwafar littattafai da sayar da su. Ibnun Nadim, wanda ya tsara Alfihrist a shekara ta 377 bayan Hijira, warraƙi ne a Bagadaza. An ruwaito cewa Abu Sa'id Assirafi, babban malamin nahawu kuma alƙali, ba ya fita majalisinsa sai ya kwafi warƙa 10 da ladan dirhami 10, da su yake ciyar da kansa. A ƙasar Hausa ma marubuta Alƙur'ani da hannu sun daɗe suna rayuwa da tawada da alƙalamin kara.

Shi kansa ƙago labari ba ƙaryar da aka haramta ba ce, matuƙar mai ji ya san ƙage ne. Muƙamar Hariri, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na Kano da Zariya da Sakkwato, ƙagaggun labarai ne, kuma a gabatarwarta mai littafin ya kare kansa da cewa matsayinsu ɗaya da hikayoyin da ake ɗorawa a bakin dabbobi, hukunci kuma yana bin niyya. Aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ta ɗaure zargin da manufar ɓatarwa daga tafarkin Allah. Waɗansu malaman tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wanda yake kawo labaran Rustum da Isfandiyar domin ya janye mutane daga sauraren Alƙur'ani. Illar tana ga manufa da abin da labarin ya ƙunsa.

Haƙƙin mallaka kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a zamanta na biyar a Kuwait, cikin Disamba 1988, a ƙuduri mai lamba 43, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta su. Saboda haka wadda ta biya naira 500 ta kwashe littafin ta watsa a zauruka goma, da mai tattara littattafan mutane a shafinsa yana cin kuɗin talla, da mai karanta su a YouTube ba da izini ba, duk sun ci dukiyar wani ba da yardarsa ba. Jan kunne da Allah ya isa da ake gani a saman shafuka alama ce ta mai haƙƙin da bai san ƙofar alƙali ba, duk da cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba.

Sai dai mai neman haƙƙinsa shi ma ya ba da na wasu. Labarai da dama an ɗebo ƙashin bayansu ne daga finafinan Indiya ko na Koriya ko na Turkiyya, aka sauya sunaye, ba a ambaci tushe ba. Suyuɗi ya wallafa risala sukutum a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, kuma hukuncinta bai tsufa ba.

4.0 Garari a Cikin Cinikin

Idan littafi ya kammala aka sayar da shi, cinikin a fili yake. Matsalar tana ga wanda ake karɓar kuɗinsa alhali rabinsa na cikin kan marubuci. Wannan sayar da abu ne siffatacce da ke kan wuyan mai sayarwa, wanda Malikiyya ke shigarwa babin salam. Sharuɗɗan salam sanannu ne ga duk wanda ya karanta Risala da Muhtasar: a biya kuɗi a gaba, a san gwargwadon abin, a san siffarsa, a san ajalinsa. Majalisar Fiƙihu ma, a ƙudurinta mai lamba 65 na 1992 a kan istisna'i, wato cinikin abin da za a ƙera, ta sharɗanta bayyana nau'i da adadi da siffa da kuma yanke ajali. A kasuwar da ake magana a kai sharaɗin farko ne kaɗai ke cika. Mai saye bai san ko shafi 40 zai samu ko 140 ba, bai san ranar gamawa ba, bai san ko za a gama ba.

Mai kare kasuwar zai ce ai garari kaɗan abin yafewa ne, kuma al'ada ta gudana a kan haka. Maganarsa tana da madogara. Ƙarafi a cikin Alfuruƙ ya kasa garari gida uku: mai yawa da aka haɗu a kan hana shi, kamar tsuntsu a sararin sama, da ɗan kaɗan da aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin gida da ba a gani, da matsakaici da ake saɓani a kansa. Jahiltar yadda labari zai ƙare yana cikin abin yafewa, domin da an sani da ba a saya ba. Jahiltar adadi da ajali kuwa ba larura ce ta kawo ta ba, ana iya kawar da ita da layi biyu na rubutu. Mafi tsarkin hanya a kammala littafi kafin a buɗe ciniki. Idan hakan ya faskara, a bayyana yawan fitowa da ranar ƙarshe, a kuma yi alƙawarin mayar da kuɗi idan ciwo ko haihuwa ko lalacewar waya suka tsayar da aikin. Marubuciyar da ta bar labari a rataye ta buɗe sabo tana karɓar wani kuɗin, bashi ne a kanta, ko da naira 300 ce daga kowane mutum.

Akwai sharaɗi na ƙarshe da ya fi waɗannan nauyi. Malikiyya sun sharɗanta abin sayarwa ya zama mai amfanin da Shari'a ta yarda da shi. Rubutun da ba shi da wata manufa sai motsa sha'awa ya faɗi a wannan sharaɗi, kuɗinsa ba su tsarkaka da yardar mai biya.

5.0 Yadda Hanyar Biya Ke Sarrafa Alƙalami

Wanda ya karanta adadi mai dama na waɗannan littattafai zai ga siffofi da ke maimaita kansu, kuma kowace siffa ana iya bin sawunta har zuwa asusun banki.

Ta farko ita ce nauyin da ake ɗora wa shafukan kyauta. Da yake su ne tallar hajar, a cikinsu ake zuba duk abin da zai girgiza zuciya: auren dole, fyaɗe, mari, attajirin saurayi mai girman kai da 'yar talaka mai tsiwa. Ba a ba taurari lokacin da za su ginu, ba a shimfiɗa wuri da zamani. Da an shiga zauren biya sai tafiyar ta yi sanyi, ko kuma ta rikiɗe zuwa abin da mai saye bai yi tsammani ba. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya hukunta cewa ɓoye shi algus ne. Samfurin da bai wakilci haja ba yana ƙarƙashin wannan hukunci.

Ta biyu ita ce jan labari. Mai biya yana auna kuɗinsa da yawan shafuka, sai marubuciya ta cika su da lissafin kayan lefe, da jerin girke-girke, da siffanta motoci da gidajen Abuja da Dubai. Rikicin da magana ɗaya za ta warware sai a ja shi fitowa ashirin. Malaman balaga sun bambanta iɗnabi, wato tsawaitawa mai fa'ida, da taɗwili da hashwu, waɗanda ƙari ne maras amfani. Mafi yawan abin da ke kumbura waɗannan littattafai daga kashi na biyu yake.

Ta uku, wadda ta fi kowace illa ga fasaha, ita ce rubutu a gaban masu kallo. Ana sakin shafi da dare, da safe sharhi ya cika zaure: a saki wance, a wulaƙanta kishiya, kada a kashe wane. Marubuciyar da ke tsoron a daina sayen littafinta na gaba takan bi son ransu. Ta haka ƙarshen labari ke zama abin da rinjaye ya zaɓa, ko da bai dace da halayen da aka gina ba. Kuma abin da aka saki ba ya gyaruwa, shi ya sa ake cin karo da tauraron da aka ce maraya ne a farko, a tsakiya mahaifinsa ya shigo falo.

Ta huɗu ita ce batsa da ake yi wa lulluɓi da cewa littafin na matan aure ne, ko a jera fasadi shafi ɗari sannan a kawo tuba a shafin ƙarshe. Musulunci bai hana a taɓo al'amarin jinsi ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin fitinar mace da kulle ƙofofi, Suratul Baƙara ta yi maganar kusantar iyali, amma duka da kinaya, wadda ke isar da ma'ana ta bar mutunci. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari ya hana mace siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta, na Abu Sa'id a Muslim ya yi tsananin gargaɗi a kan yaɗa sirrin shimfiɗa, aya ta 19 a Suratun Nur kuma ta yi narko ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Gargaɗin da ake rubutawa a saman shafi ba ya tambayar shekarun mai riƙe da waya.

Ta biyar ta fi shafar ma'abota wannan mujalla. Labaran cike suke da saki da idda da kome da gado da shayarwa, kuma sau da yawa ana sa wa wani malami a cikin labarin fatawa a baki ba tare da an bincika ba. Akan ga an mayar da aure bayan saki uku ba tare da sharaɗinsa ba, ko an halatta auren kisan wuta, ko an jingina wa Annabi (SAW) maganar da ba ta da asali. Mai karatu da ba ta taɓa buɗe Iziyya ba za ta ɗauka hukuncin ke nan. Wannan ita ce tsohuwar cutar masu ƙissa, wadda Ibnul Jauzi da Suyuɗi suka wallafa littattafai a kanta.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi alherin. A cikin waɗannan littattafai ne ake samun maganar azabtar da 'yan aiki, da cin dukiyar marayu, da ciwon sikila da gwajin jini kafin aure, da shaye-shaye a tsakanin matan aure, da halin da zawarawa ke ciki. Waɗansu marubutan suna da kunnen jin hirar tsakar gida da ba kowane babban marubuci ya mallaka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albab da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, Nana Asma'u kuma ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru da harshen da suke ji. Malamin da ke son sanin tambayoyin da mata ba sa iya kawowa majalisinsa zai same su a nan.

6.0 Makarancin da Ba a Lissafi da Shi

Littafin takarda yana da iyakar inda yake kaiwa, rubutun waya kuwa ba shi da ita. Garin Kaduna ya isa misali. Tun bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, mazauna garin suka sake matsuguni bisa addini, mafi yawan Musulmi a arewacin kogi, mafi yawan Kiristoci a kudancinsa. Unguwar Romi, da ke ƙaramar hukumar Chikun a maƙwabtan Sabon Tasha da Television da Gonin Gora, tana cikin unguwannin kudu. Mazaunanta daga ƙabilu daban-daban suke, Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da sauransu, Hausa kuma tana cikin harsunan da ke haɗa su a kasuwa da wurin ibada. Karatun Hausar boko ba baƙo ba ne a gare su, domin tun 1932 aka buga cikakkiyar fassarar littafinsu na addini da Hausa.

Yaran da aka haifa bayan rabuwar nan yanzu sun zama manya. Da yawansu ba su tashi suna shiga gidan Musulmi suna cin tuwon sallah ba, kamar yadda iyayensu suka yi a zamanin da masaƙun Kakuri ke tara ma'aikata daga kowane ɓangare. Labarin da aka rubuta a Tudun Wada ba ya buƙatar gada kafin ya isa wayar budurwa a Romi, kuma zai iya zama tagar da ta fi kowace faɗi da take leƙen gidan Musulmi ta cikinta. Idan abin da ta gani shi ne malami da ba a bambanta shi da boka, da miji mai saki uku a kan gishirin miya, da kishiyoyi masu zaryar gidan tsubbu, to marubuciyar ta yi wa addininta shaida ba tare da ta sani ba. Idan kuma duk wanda ba Musulmi ba a labarin mashayi ne ko mazinaci ko abin dariya, to an ƙara wa kogin faɗi. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba, ta 8 a Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci. Ba a neman marubuci ya ɓoye aibin al'ummarsa. Ana neman ya faɗe shi da ma'auni, ya san cewa maƙwabci yana ji.

7.0 Gurbin Matarki

Kalmar lakadan da ake ji a wurin ɗaurin aure daga naƙdan ta Larabci take. Asalin naƙdu shi ne tantance dirhami, a ware mai kyau daga jabu, daga nan kalmar ta ɗauki ma'ana biyu: kuɗi hannu, da kuma tarken magana, kamar yadda Ƙudama ɗan Ja'afar ya sa wa littafinsa suna Naƙdush Shi'ir. Ibn Sallam Aljumahi ya kawo cewa wani ya gaya wa Halaful Ahmar cewa idan waƙa ta yi masa daɗi bai damu da ra'ayin masana ba. Halaf ya tambaye shi ko jin daɗinsa zai amfane shi idan ya karɓi dirhami ya yaba, mai canji kuma ya ce jabu ne.

Kasuwar labaran intanet ta sami naƙdu na farko ta rasa na biyu. Ma'aunin daraja a cikinta shi ne yawan masu karatu da yawan masu sharhi. Ƙungiyoyin marubuta, waɗanda ya kamata su zama wurin gyara, sau da yawa sukan zama wurin yabon juna domin haja ta tafi, abin da ya yi kama da najashi, wato zuga farashi daga wanda ba saye zai yi ba. Wanda ya nuna kuskure kuwa sai a kira shi mahassadi. Ƙona littafi bai cike wannan gurbi ba a 2007, yau kuma babu abin ƙonawa. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta nuna cewa idan aka ƙayyade kalmomi aka zaunar da alƙalai, mata marubuta na fitar da labari matsattse mai ma'ana. Bukukuwan littattafai da aka fara a Kaduna, na KABAFEST a 2017 da na HIBAF a 2021, su ma sun buɗe fagen haɗuwa. Baiwa tana nan, mai canji ne babu.

Sassan nazarin addinin Musulunci da na Hausa da na Larabci su ne suka fi cancantar wannan kujera. Su karanta littattafan kafin su yi hukunci, su riƙa fitar da tarke a kai a kai da harshen da marubutan za su fahimta, su yaba abin yabo da hujja, su buɗe ƙofar da marubuciya za ta tambayi hukuncin idda ko gado kafin ta saki shafi, su kuma tsara taƙaitaccen bayanin sharuɗɗan ciniki da za a riƙa liƙawa a farkon littafi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sana'ar rubutu a intanet halal ce a asalinta, haƙƙin masu ita abin karewa ne, kuma ta buɗe wa mata da yawa ƙofar arziki da ta faɗar albarkacin baki. Ta kuma nuna cewa karɓar kuɗi kafin kammala aiki ya jawo garari a ciniki da rauni a fasaha, kuma gushewar edita da dillali ta tattara amanar da mutum huɗu ke ɗauka ta ɗora a wuyan mutum ɗaya. Marubuciyar da ke riƙe da wannan amana tana buƙatar wanda zai gaya mata gaskiya a kan aikinta kafin mai saye ya gaya mata son ransa. Idan malamai suka ƙyamaci karanta abin da 'ya'yansu da matansu ke karantawa kowane dare, to sun bar tarbiyyar alƙalami a hannun mai naira 500. Allah ne Mafi sani.